Yaushe Za Ki Gama, Ɗiyata?

A unguwarmu ta Maourey ba kasafai ake tambayar ɗaliba abin da take karantawa ba. Yaushe za ta gama, shi ake tambaya, kuma duk wanda ya tashi cikin Hausa ya san ba ranar karɓar takarda ake nufi ba. Ina shekarar ƙarshe ta mastar a fannin labarin ƙasa, ina zaune gidan gwaggona tun zuwana Yamai daga Dogon Dutsi, kuma sa'o'ina na garinmu wasu har sun fara sayen kayan kolej na 'ya'yansu. Don haka ina da bakin magana a kan zargin da ake yi mana, mu mata da mazan da muka daɗe a jami'a: wai boko ya sa mana girman kai, mata sun zama masu ruwan ido, maza sun zama masu gudun nauyi, soyayya kuma ta koma wasan waya.

Ban yarda ba. Kafin a yi mana wa'azi, a zauna a yi lissafi.

Yarinyar da aka sa lakwal tana shekara 7 za ta yi 6 a firamare, 4 a kolej, 3 a lise, sannan ta samu bak. Lisans shekara 3, mastar 2. Shekara 18 ke nan a kan benci. Za ta gama tana da 25, in ba ta taɓa maimaita aji ba, in kuma kowace shekarar karatu ta fara a kan lokaci ta ƙare a kan lokaci. To kowa ya san jami'o'in gwamnati sun daɗe suna fama da shekarun da ke hawa kan juna, saboda yajin aiki na malamai da na ɗalibai, da kuma yawan da ya fi ƙarfin ɗakunan karatu. Bayan takarda akwai bautar ƙasa ta shekara 2, wadda muke kira sarbis sibik, sai kwantaragi ga wanda ya dace. Namijin da ya bi wannan hanya, kafin ya riƙe albashin da zai iya cewa nasa ne, talatin ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Mu kuwa mata da wani ma'auni daban ake auna mu. Alƙaluman UNICEF sun ce 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, 28 cikin 100 kafin 15, kuma babu ƙasar da ta kai mu a wannan. Inda haka ta zama ruwan dare, mai shekara 27 da ba ta yi aure ba ta makara da shekara goma a idon jama'a, ko da kuwa iyayenta ne da kansu suka riƙe hannunta suka kai ta aji.

Masu ganin muna cikin holewa, ga yadda yinina yake. Bayan asuba ni ce da shara da wanke-wanke, domin ɗiyar da ke gidan gwaggonta ba baƙuwa ba ce, digiri kuma ba ya ɗauke wa kowa tukunya. Sai in fita shataletalen Maourey in tari taksi, mu hau gadar Kennedy mu sauka Harobanda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take. A kan gadar nan aka harbe ɗalibai 3 ranar 9 ga Fabrairun 1990, kuma duk shekara ƙungiyar ɗalibai ta USN na tunawa da su. Allah ya jiƙan su. Ni dai mafi yawan safiya abin da ke raina a kan gadar shi ne ko canjin da ke jakata zai dawo da ni gida. Da rana ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, ana biyana da awa, kuɗin ya tafi a fotokofi da katin intanet da taksi. Burs, wato kuɗin tallafin karatu, in ta zo, bashi take tararwa yana jiranta. Da dare, bayan an kwashe tuwo an tattara kwanuka, in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in buɗe kwamfuta, don a watan Afrilu da Mayu ɗaki ba ya zaunuwa. Memwar ɗina, wato kundin kammala mastar, a kan ambaliyar 2020 ce, lokacin da kogin Isa ya fasa madatsar Lamorde ya shiga gidajen mutane. Ina rubutu ina kallon batir, ina roƙon kada wuta ta ɗauke kafin in kai ƙarshen sakin layi.

Akwai wanda nake so, ba na ɓoyewa, gidanmu ma an san shi. Ya riga ni gamawa, yanzu malamin kwantaragi ne a wani kolej na ƙauye cikin jihar Doso. Shi ke karanta babi-babin da na rubuta, ya gyara mini Faransanci, ya turo gyaran da murya ta WhatsApp in ya samu inda waya ke kamawa. In hutu ya kawo shi Yamai, zai shigo ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya ajiye ɗan sukari da ganyen shayi, sannan mu zauna a benci a ƙofar gida, yaran unguwa na kai-komo a gabanmu. Na sha jin kalamai masu daɗi daga bakin wasu, har da masu mota. Shi ne kaɗai yake tambayata shafi nawa na kai. Ni a wurina so ke nan: mutum ya ɗauki abin da ke hana ki barci ya mai da shi nasa.

Gwaggo ba ta ƙi shi ba. Abin da take cewa shi ne, "Ɗiyata, yaron nan na da kirki, amma mai gidan haya ba ya karɓar kirki." Ta taɓa kawo mini zancen wani Alhaji mai shaguna, na ce, "Gwaggo, ya tambaye ki abin da nake karantawa?" Ta yi dariya ta ce in tashi in ba ta wuri. Ba na ganin laifinta. Da atamfar da take sayarwa ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, ta kuma ga auren da yunwa ta kashe da idonta. Tsoronta gaskiya ne. Inda muka rabu da ita shi ne a kan abin da ke cinye kuɗin, domin abin da ke hana irinmu aure ba shinkafar bayan biki ba ce, bikin ne kansa.

A takarda, hukuma ta daɗe da ƙayyade sadakin budurwa a jikka hamsin. A Yamai kuwa, in aka ce an ba da jikka ɗari biyar ba wanda zai ɗaga gira. Kafin sadakin akwai kuɗin gaisuwa, bayansa akwai lefe, wanda a nan muka fi kira baliz, kuma akwati ɗaya abin gori ne. Gidan amarya su ma ba su tsira ba: gado, kujeru, firji, labule, gara. Sai anko kala-kala, hayar zauren biki, mai hoto, mai kwalliya, maroƙa. Duk wannan a ƙasar da mafi ƙarancin albashi bai wuce jikka 42 a wata ba, shi ma sai a 2024 ya kai haka. Uwa za ta shekara da shekaru tana zubi a adashi don yini biyu, kuma ba don ɗiyarta take yi ba, don kada ƙawayen da ta kai wa gudummawa su ce ta gaza. Alhali abin da addini ya nema ana iya ƙirga shi da yatsun hannu ɗaya: waliyyi, shaidu, sadaki, da furucin bayarwa da karɓa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, kuma kowane ɗan makarantar allo da ya yi nisa ya san labarin sahabin da ya rasa ko zoben ƙarfe, Annabi (SAW) ya aurar masa da mace a kan abin da ya haddace na Alƙur'ani. Limamai na faɗar wannan ranar Juma'a, kowa ya gyaɗa kai, a fito masallaci a wuce wurin tela a tambayi ko anko ya fito.

Ba zan wanke 'yan'uwana ɗalibai tas ba. A je fada, inda samari ke kwana a kan butar shayi, wurin da har wata mai bincike, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi guda a kansa a 2019. A can za ki ji ɗan mastar yana zuba bayani a kan ilimin mata da ci gaban ƙasa, ki rantse shi zai gyara Nijar. Shi ne kuma zai riƙe 'yar ajinsu shekara da shekaru, ta taya shi rubutu, ta ranta masa kuɗin taksi, ranar da lambar aikinsa ta fito ya aika wa tsohuwarsa ƙauye ta nemo masa 'yar shekara 17 "wadda idonta bai buɗe ba". Wannan cin amana ne, ko da an ɗaura shi da goro da fatiha. Mata ma akwai masu cewa sauƙi suke so, amma sauƙin da za a ɗauka a hoto a sa a TikTok. Akwai kuma waɗanda suka gaji da jira suka shiga ta biyu ko ta uku a gidan mai hali. Halal ne, ban da ta cewa, wasu ma suna zaune lafiya. Sai dai na ga kujerun da suka zama wayam a ajinmu. Kafin aure an yi alkawari za ta ci gaba. Bayan aure aka ce ta bari ta huta, sai ciki, sai goyo, sai a wayi gari ana tambayarta me za ta yi da takarda tunda ba ta rasa komai ba. Alkawarin a zaure aka yi shi, da dare, tsakanin mutum biyu, don haka ba wanda zai tsaya mata.

Haɗa aure da ilimi kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu tana ɗakin Waziri Giɗaɗo ta yi rubuce-rubucenta da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'yan taru masu kai karatu ga matan ƙauye. A nan Yamai mace ta taɓa shugabantar jami'armu, Farfesa Bouli Ali Diallo. Matan da suka fito zanga-zanga ranar 13 ga Mayun 1991 suna neman a ba su kujeru a shirin taron ƙasa, da yawansu matan aure ne masu 'ya'ya. Saboda su ne ranar ta zama ranar matan Nijar, ko da yake yanzu ita ma anko ya fi yawa a cikinta.

Abin da nake nema ba ya bukatar kasafin gwamnati. A Kano tun 2012 hukuma ke ɗaukar nauyin auren gayya, ta biya sadaki ta sayi gado, kuma ya taimaki waɗanda ya taimaka. Mu ba wannan muke roƙo ba. Iyaye su yarda ɗalibi da ɗaliba, ko ɗaliba da ɗan kwantaragi, su yi aure daidai ƙarfinsu: sadaki mai sauƙi, ɗaki ɗaya, katifa, tukwane, da teburin karatu. Sannan maganar ci gaba da karatu da yin aiki ta fito daga zaure ta je wurin ɗaurin aure, waliyyi ya faɗe ta da bakinsa a gaban liman da shaidu, dangin ango su ce sun ji. Mutum na iya saɓa wa budurwa, amma saɓa wa dattawan unguwa biyu ba ya zuwa da sauƙi.

Za a ce wa zai ciyar da su. To wa ke ciyar da su yanzu? Ni ina cin tuwon Gwaggo, shi yana aika rabin kuɗinsa gida yana cin sauran. Mudun da ake auna mana a gida biyu, in aka ci gaba da auna shi na shekara ɗaya ko biyu a kai gida ɗaya, ba a ƙara ko dala ba. Iyayen da za su iya cin bashi don kujerun da ba mai zama a kansu, za su iya wannan. Za a ce haihuwa fa? Nan kam akwai wuya, ba zan ce babu ba. Ina da 'yan aji da ke zuwa da goyo, su ba ƙanwa riƙo a gindin bishiya, su fito tsakanin darasi su shayar. Ana yi, amma da kaka a kusa, da kuma mijin da bai ɗauki riƙon ɗansa a matsayin zubar da girma ba. Irin wannan mijin tun kafin aure ake gane shi, kuma shi ya sa ba na jin kunya in an ce ina zaɓe. Wanda zai sayi akuya ma yana duba haƙoranta.

Ɗaki da baranda a Harobanda ya fi sauƙin haya a kan tsakiyar gari, zai kuma ɗauke mini kuɗin ƙetare gada, ga shi binciken memwar ɗina ya sa na san layin da ruwan ambaliya ke kaiwa da wanda ba ya kaiwa. Na rubuta lissafin duka a takarda na kai wa Baffa, tunda shi ne waliyyina. Ya sa tabarau ya bi shi layi-layi, ya ce bai ga kuskure ba, maganar karatu ma shi zai faɗe ta a gaban liman. Saura wanda zai je ya shaida wa matan adashin Gwaggo cewa ba za a yi anko ba. Baffa ya ce wannan kam ba shi ba.