Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

 

A Nima da Mamobi, da sauran zangunan Ankara, rigimar gado takan soma ne tun ba a tashi zaman makoki ba. Ga gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, ga mata biyu da 'ya'ya da jikoki, ga ƙannen mamaci da suka zo daga arewa, amma babu takarda ko ɗaya. Mutanenmu na ganin rubuta wasiyya tamkar kiran mutuwa ne, alhali hadisin Abdullahi ɗan Umar ya kwaɗaitar da mai abin yin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba.

Wani zai ce ai Allah Ya riga Ya raba gado a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Haka ne. Sai dai a Ghana, tun 1985, dokar gado mai lamba 111 ita ce ke aiki a kan dukiyar duk wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, Musulmi ne ko Kirista. Ita ta soke sashen dokar auren Musulmi ta 1907 wanda ya bar rabon ga Shari'a. Idan magada sun yarda da rabon malam, lafiya lau. Amma ranar da ɗaya ya tafi kotu, da waccan doka alƙali zai yi hukunci.

Mu ɗauka mutum ya bar mata da uwa da 'ya'ya, da sidi 48,000 bayan an biya bashi. A Shari'a mata na da sumuni, wato 6,000, uwa na da sudusi, 8,000, ragowar 34,000 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A dokar ƙasa kuwa, gida ɗaya da kayan ɗaki na mata da 'ya'ya ne, uwa ba ta ciki. A kuɗin, mata ta sami 9,000, 'ya'ya 27,000 daidai wa daida tsakanin namiji da mace, uwa 6,000, sauran 6,000 a raba bisa al'ada.

Mafita ita ce dokar wasiyya ta 1971. Ta ba duk mai hankali da ya kai shekara 18 damar rubuta yadda za a yi da dukiyarsa, don haka Musulmi na iya umartar a raba tasa bisa Shari'a. Sharaɗi shi ne ta kasance a rubuce, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda. Kada a sa mai rabo cikin shaidu, domin zai iya rasa rabonsa. Wanda ba ya karatu, a karanta masa, a fassara, mai fassarar ya rubuta cewa ya yi. Ana iya ajiye ta a Babbar Kotu. A zauna da malami masanin fara'id tare da lauya, kowa ya duba ɓangarensa.

Kowane mataki na rayuwa da abin da ya fi shafarsa. Saurayin da ya soma aiki ya duba sunayen da ya bayar a SSNIT da banki, ya gyara su idan ya yi aure ko ya haihu. Ya kuma sanar da wani amintacce abin da ke asusun wayarsa.

Sabon ango ya yi wa aurensa rajista, domin doka ta ce a yi cikin mako guda da ɗaurin aure. Mai ƙananan yara ya ambaci wasiyyin da zai riƙe musu dukiya har su mallaki hankalinsu. Mai mata fiye da ɗaya ya sani sumuni ɗaya za su raba, ya rubuta sauran sadakin da ake binsa, ya kuma fayyace kayan da na kowacce ne.

Uwayenmu 'yan kasuwar Nima da Makola su ma suna da abin bari. Shago da jari da zinariyar Hajiya nata ne, ba sa shiga gadon maigida, kuma ita ma wasiyya ta hau kanta. 'Yan'uwanmu da ke Amurka da Jamus da Italiya, masu aiko kuɗin gini, su tabbata sunansu ne a takardar fili, an kuma yi mata rajista a Hukumar Filaye.

Dattijo kuwa ya tuna da waɗanda gado ba ya kaiwa gare su: jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa alhali akwai baffanni, da ɗan riƙo, da agola, da mata ko uwa wadda ba Musulma ba, abin da ba baƙo ba ne a Ankara. Shari'a ta buɗe musu ƙofar sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Ba a wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran. Wanda zai ba ɗansa kyauta ya ba shi tun yana da lafiya, ya damƙa masa a hannu gaban shaidu, ya yi adalci tsakanin 'ya'ya.

Kafin duk wannan akwai bashi. Bayan likkafani da jana'iza shi ake fara biya, sannan wasiyya, sannan gado. Saboda haka a buɗe littafi yau, a rubuta wanda ake bi da wanda ke bin mu, da kuɗin adashi, da amanar mutane da ke hannunmu.

Allah Ya sa mu cika da imani, Ya bar zumunci tsakanin zuriyarmu.