Ko Kura Ma Tana Lasar 'Ya'yanta

Akwai wata magana da matasanmu suke ɗaukowa daga fina-finan Amurka masu dogon zango, irin waɗanda ake cika su da matsafa da mayu da masu shan jinin mutane. Za ka ji suna cewa, wane mugu ne, amma uba ne nagari. Da wannan magana nake jayayya, domin ba a gaban talabijin take tsayawa ba, tana bin mutum har cikin gidansa.

Ka dubi Klaus Mikaelson na shirin The Originals, wanda tashar CW ta nuna daga 2013 zuwa 2018. A cikin labarin ya yi wajen shekara dubu yana zubar da jini, sa'an nan aka haifa masa 'ya mace mai suna Hope. A ƙarshe ya janye mugun ikon da yake neman hallaka ta, ya ɗauke shi cikin jikinsa, ya mutu a madadinta. Masu kallo suka share hawaye, suka ce ai ya wanke kansa. To, waɗanda ya kashe fa, daga sama suka faɗo? A shirin The Vampire Diaries, inda aka fara nuna shi, ya nutsar da mahaifiyar wani saurayi cikin ruwa domin kawai ya ƙona wa ɗan zuciya. Haihuwar Hope ba ta sa ya ajiye kisa ba, sabuwar hujja ya samu: yanzu yana yi ne don 'yarsa. Ko kura ma tana lasar 'ya'yanta, ba kuwa wanda ya taɓa kiran wannan tuba. Ubangijinmu da kansa ya nuna a Matiyu sura 7 cewa mugaye ma sun san yadda za su ba 'ya'yansu kyawawan abubuwa. Saboda haka son ɗan cikinka ba shaida ba ce cewa zuciyarka ta sāke. Mutuwa a madadin yaro kuma aikin dare ɗaya ne. Masu shirya fim suna ƙaunarta domin tana da daɗin kallo, ta fi a nuna uba yana haɗiye fushinsa kowace safiya har shekara ashirin.

Kada ka ɗauka ina cewa mai mugun tarihi ba zai iya riƙon yaro ba. In na faɗi haka na yi musun alherin da ni da kai muke tsaye a kansa. Regina ta shirin Once Upon a Time, wanda tashar ABC ta nuna daga 2011 zuwa 2018, ita ce za ta nuna maka inda bambancin yake. Wannan mace ta cire zuciyar mahaifinta da hannunta domin ta ƙulla la'ana a kan al'umma guda, daga baya ta ɗauki jariri riƙo, ta sa masa sunan uban da ta kashe, wato Henry. Tana sonsa, babu shakka, amma irin son da mutum yake yi wa kayansa. Da yaron ya kai shekara 10 ya gane gaskiyarta, sai ta bar shi yana zaton kansa ne ba daidai ba. Abincin da ta sa wa guba don mahaifiyarsa ta jini, shi ne ya ci. Duk wannan lokaci tana kuka tana cewa ɗanta ne. Ba hawayen ne suka mai da ita uwa ba. Ta fara zama uwa ranar da ta buɗe ƙofa ta bar shi ya tafi wurin kakansa, tun da ya ƙi zama da ita, ba ta ci gaba da ɗaure shi da tsafi ba ko da yake tana iyawa. Daga baya ta yarda ya rabu da ita, har ya manta da ita ɗungum, domin a ceci mutanen da ta zalunta. A nan tubarta ta ci mata abin da ta fi so, ta kuma kai ga 'ya'yan wasu, kamar yadda Zakka bai tsaya ga murna ba sai da ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace ninki huɗu.

Yanzu ka rufe talabijin, ka buɗe 2 Tarihi sura 33. Sarki Manassa ya yi mulki shekara 55 a Urushalima. Ya yi sihiri da duba, ya ƙona 'ya'yansa hadaya a Kwarin Hinnom. Aka kai shi Babila a ɗaure, ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya ji shi, ya komar da shi kan gadonsa, ya kuwa kawar da gumakan. Tubarsa ta gaskiya ce. Duk da haka ɗansa Amon ya bi tsohon halin uban, fādawansa suka kashe shi bayan shekara 2 kacal. Gafara ta sauka a kan Manassa nan take, amma abin da Amon ya gāda bai kau tare da ita ba. Wannan ne fim ba ya so ya nuna maka.

In kai ne uban da ya bar giya, ko ya daina dukan matarsa, ka kuma ba da shaida a gaban ikilisiya aka tafa maka, mun gode wa Allah tare da kai. Amma ɗanka ba ya cikin masu tafin. Shi ne ya ɓuya a bayan ƙofa a daren da kai ka riga ka manta. Kada ka ɗaga masa murya kana cewa tun da Allah ya gafarta maka, wane ne shi da zai riƙe ka. Je ka same shi, ka ambaci laifin da sunansa, ka roƙe shi, ka kuma bar shi ya yi shiru in shirun ne kaɗai yake da shi. Wataƙila zai dawo bana, wataƙila sai ka tsufa. Manassa bai sami Amon ba. Jikansa Yosiya, wanda ya tsarkake Haikali daga baya, yana da wajen shekara 6 sa'ad da tsohon ya rasu.