Kada wasan rani ya cinye noman damina



An gama girbi, dammunan hatsi sun shiga rumbu, ganga ta fara kira. A kowane gari samari sun share fili: wasu kokowa, wasu ƙwallo, yara kuma langa. Ba ni da ja da wannan. Kokowa gadonmu ce. Tun shekarar 1975, da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, da wuya a sami saurayin karkara da bai taɓa mafarkin riƙe takobin nan ba.

Amma mu duba gaskiya. Jihohinmu 8 ne, kowace tana aika ƴan kokowa 10 zuwa gasar. Su ana tara su, a ciyar da su, a yi musu horo, ga ma'aikatan lafiya a bakin fili. Sauran dubban da ke wasa a ƙauyuka fa? Manoma ne. Gwiwar da suke kokowa da ita, ita ce za ta bi hauya idan ruwa ya sauka. Ba su da wata a ajiye.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. A yawon da nake yi na duba makarantun yaƙi da jahilci, na isa wani gari na tarar babu wani ɗalibi mai ƙwazo a aji. Aka ce yana gida, ƙafa. Ya yi targaɗe a idon sawu wajen kokowa. A daren aka gasa masa da ruwan zafi, aka murza, aka ja. Bayan kwana biyar aka buga gangar wasa a garin maƙwabta. Abokai suka zuga shi, ya haɗiyi ƙwayar tramol, ya shiga fili. Kamun farko ƙafar ta lanƙwashe. Da damina ta faɗi bai iya riƙe hauya ba. Tsohonsa ya sayar da akuya biyu ya biya ƴan ƙwadago, duk da haka rabin gonar ciyawa ta cinye.

Ni a ganina ba faɗuwar farko ce ta cuce shi ba. Gaggawa ce, da rashin sanin abin da jiki yake bukata idan ya ji rauni.

Mu fara da ranar da abin ya faru. Idan gaɓa ta gurɗe, jijiyoyin da ke riƙe ta ne suka ɗame ko suka yage, jini yana tsiyaya a ciki, shi ne kumburin da ake gani. Ruwan zafi da murza mai ƙarfi suna ƙara wannan tsiyaya. A kwana biyu zuwa uku na farko sanyi ake so. Idan akwai ƙanƙara, a naɗe ta cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini. Idan babu, a jiƙa tsumma da ruwan randa. A ɗaure gaɓar da zane mai tsabta, ɗauri mai sauƙi, a ɗaga ƙafar bisa matashi. A bar fili nan take, ko da makaɗi yana kiran sunan kakanka.

Akwai raunin da ba na gida ba ne. Wanda ya kasa taka ƙafarsa taku huɗu, ko gaɓar ta karkace, ko yatsu suka yi sanyi suka mutu, a kai shi gidan likita a ranar. Haka wanda kansa ya bugu da ƙasa ya suma, ko yana amai, ko ya rikice: ya gama wasa, sai likita. Ciwon da ya fashe kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a je a tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki, wadda likita ke kira tetanos, domin filayenmu ba su rabuwa da kashin dabbobi. Kada a zuba ƙasa ko toka.

Na san da yawa maɗori za su fara nema. Ba na zagin sana'ar kowa, akwai masu hannu a cikinsu. Sai dai ido ba ya ganin cikin nama, hoton ƙashi shi ke gani. Kuma ɗaurin karan da ya matse ƙwarai yana tsayar da jini, har gaɓa ta ruɓe a yanke ta. Idan yatsu suka kumbura suka yi baƙi, ko zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance ɗaurin, a kama hanyar likita.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya, wato abinci. Na lura idan saurayi ya kwanta ciwo, sai a rage masa kwano. Wai ba ya aiki, kunu ya ishe shi. Wannan kuskure ne babba. Jikinsa yana aiki dare da rana, yana ɗinke jijiya, yana haɗa ƙashi. Wanda katangarsa ta faɗi ba ya gyara ta da ruwa kaɗai, sai da laka da tubali. Hatsi da dawa da shinkafa suna ba da ƙarfi, amma tubalin jiki yana cikin wake, gyaɗa, ƙuliƙuli, awara, nono, cuku, ƙwai, kifi da nama. Har fara da ake soyawa da rani abinci ce mai gina jiki sosai, in dai ba daga inda aka fesa magani aka kamo ta ba. Garin rogo da sukari yana cika ciki, amma ba ya gina kome.

Wani zai ce: Malam, ka manta da talauci? Ban manta ba. Ban ce a yanka rago ba. Ƙasarmu tana cikin manyan masu noman wake a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake abin gina jiki ne. Gyaɗa ma haka. Amma da kaka sai mu auna shi duka mu kai kasuwa, motoci su wuce da shi Najeriya, mu bar gida da tuwo da miyar kuka tsura. Gidan da ke da ɗan wasa ya ajiye ƴan tiyoyi. A dama fura da nono mai kauri da safe, a ci wake da rana, a daka ƙuliƙuli a zuba a kwaɗon zogale da dare. Ci kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu ya fi a tara a ci sau ɗaya. Nono da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu suna taimakon ƙashi. Tumatir, lemu, gwaba, mangwaro da garin ƴaƴan kuka suna taimakon ciwo ya rufe. Lambunan rani suna nan kusa, lokacinsu ne ma. A sha ruwa da yawa. Shayi mai kauri ba ya maye gurbin abinci. Mai shan taba kuwa ya sani ƙashinsa ya fi na kowa jinkirin haɗewa.

Wani dattijo ya taɓa ce mini gyaɗa da ƙwai suna sa ciwo ya yi mugunya. Na ba shi girmansa, amma ba haka ba ne. Dauɗa ce ke kawo mugunya.

Saura horo. Nan ma akwai ɓata biyu. Wani ya koma fili da wuri, wani kuma ya kwanta wata guda bai motsa ba, har ƙafar ta shanye, gaɓar ta ƙage. Idan targaɗe ne, bayan kwanakin farko a fara motsa gaɓar a hankali, a zaune. Ku da kuka koyi rubutu, ku rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsan ƙafa, daga a har z. Motsi ne mai kyau ga idon sawu, kuma bita ce. Daga nan a fara takawa da sanda, sannan babu sanda. Sannan a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya, kamar mai langa, ana ƙirgawa har 30. Wannan tsayuwar tana rage sake gurɗewa. Sai sassarfa, sai gudu, sai kamu da aboki ba da ƙarfi ba. Ba a tsallake mataki. Idan gaɓar ta kumbura washegari, an yi sauri, a koma baya. Sauran jiki kuma ba ya jira: mai ciwon ƙafa yana iya horar da hannuwa da baya a zaune.

Ƙaramin targaɗe yakan ɗauki sati ɗaya zuwa uku. Babba yakan kai sati shida ko fiye. Karayar babban mutum tana son sati 6 zuwa 12 kafin ƙashi ya haɗe, ƙarfinsa kuma sai bayan haka. Ban hana kowa layarsa ba, amma laya ba ta rage waɗannan kwanaki.

Ƙwaya ma ba ta rage su. Tramol da sauran magungunan da ake talla a kan faranti a kasuwa ba sa warkar da jijiya, zafin kawai suke ɓoyewa. Zafi kuwa mai gadi ne, shi ke cewa tsaya. Wanda ya rufe bakin mai gadi, ɓarawo zai shiga. Ban da haka tramol yana kama mutum ya kasa bari, kuma idan ya yi yawa yana kawo farfaɗiya. Maganin zafi a karɓe shi daga hannun ma'aikacin lafiya, a sha yadda ya ce.

Maganata ta ƙarshe ga shugabannin samari da masu shirya wasa ce, da makaɗa. Ku ne kuke zuga, ku ne kuma za ku iya hanawa. Kafin wanda ya ji rauni ya koma fili, ku gwada shi a gaban jama'a: ya yi gudu, ya juya da sauri, ya yi tsalle da ƙafar mai ciwo sau goma. Idan ya ɗingisa ko ya yamutsa fuska, ya zauna cikin ƴan kallo. Kuma ku ƙirga watanni. Wanda ya ji babban rauni a watan Afrilu, alhali ana sa ran shuka a watan Yuni, ya gama wasan bana, sai bayan girbi mai zuwa in Allah ya kai mu.