Tauraron da Aka Ɗaure wa Ƙafa: Ƙorafi a Kan Ƙagaggun Labaran Matasa

A zangon karatun da ya wuce wata ɗaliba ta kawo mana rubutun hannu na wani ƙagaggen labari, tana neman mu duba mata kafin ta kai maɗaba'a. Labarin wata yarinya ce 'yar ƙauye wadda ta ci jarrabawa, ta sami gurbin koyon aikin jinya a wani gari mai nisa da ba ta san kowa a cikinsa ba. Shafuka sittin na farko sun yi armashi ƙwarai, domin mun bi yarinyar tana fama da kawunnanta, tana lallashin mahaifiyarta, har ranar da ta ɗaure kayanta ta tsaya a tasha gabanta yana faɗuwa. Daga nan ne alƙalami ya karkace. Wani Alhaji ya ɓullo da mota, ya gan ta, ya nemi aurenta, aka ɗaura, aka kai ta gidan bene, labari ya ƙare. Da muka tambayi marubuciyar abin da ya hana ta barin yarinyar ta shiga motar haya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, tsoro na ji kada a ce ina koya wa 'ya'yan mutane barin gida."

Wannan amsa ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Ra'ayinmu shi ne, akasarin labaran da ake rubuta wa matasanmu a yau sun ɗaure wa tauraronsu ƙafa. Ba ya yin kasada, ba ya barin inuwar da ya saba da ita, ba ya zaɓar abin da zai iya jawo masa asara. Arziki ne ke zuwa ya same shi a zaune, ta hanyar gado, ko aure, ko wani attajiri da ya gane ashe ɗansa ne da ya ɓace tun yana jinjiri. Muna kuma ganin wannan ba tarbiyya ba ce, ragwanci ne aka naɗa masa rawani.

Masu kare wannan salo sukan fake da al'ada, su ce Bahaushe bai san ɗa ya fita gaban iyayensa ba. To, wane Bahaushen? Wanda ya yi ta kora jakuna zuwa Gwanja fataucin goro? Ko wanda ya kafa Sabo a Ibadan tun 1916? Ko almajirin da ya ɗauki allo da buzu ya nufi gabas? Ko a adabin ma maganar ba ta tsaya ba. Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, waɗanda su ne tushen ƙagaggen labarin Hausa na boko, kusan dukkansu labaran fita ne. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja barin gida ya yi, ya shiga duniya neman abin da mutane suka ce babu shi, don ya wanke limamin da aka kunyata a fada. Ganɗoki na Bello Kagara bai zauna ba. A 1969 kuwa Umaru Dembo ɗaukar yaro Kilba ya yi a Tauraruwa Mai Wutsiya ya kai shi sararin samaniya, a shekarar da Amurkawa suka taka wata. Waɗannan su ne littattafan da iyayenmu suka karanta a firamare, ba mu kuwa ji an ce sun watse ba.

Za a iya cewa ai waɗannan duk maza ne, kuma tafiye-tafiyensu na aljanu ne da dodanni, wanda gaskiya ne. Shi ya sa muke ganin abin da mata suka kawo daga 1980 ya fi wancan nauyi. A So Aljannar Duniya, Hafsat Abdulwaheed ta tsayar da yarinya Bafulatana a gaban danginta a kan wanda take so alhali ba jininsu ba ne. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, inda aka cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo, ita kuwa ta gudu birni ta nemi ilimi da kanta. Abin lura a nan shi ne, kasadar Abu ba ta neman ruwan magani a bayan duwatsu ba ce. Kasada ce ta cikin gida, wadda mai karatu 'yar shekara goma sha huɗu ta san farashinta sarai: fushin uba, zunɗen unguwa, da yiwuwar a ce da ita 'yar iska har abada. Marubuciyar ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, saboda haka ba jita-jita take bayarwa ba.

Me muka yi wa waɗannan marubuta, mu da ke jami'a? A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ta shafe mu. A shekarun 1990 an tafka muhawara a jaridu, musamman New Nigerian, tsakanin irin su Ibrahim Malumfashi, da Abdalla Uba Adamu, da Yusuf Adamu, da Ibrahim Sheme, a kan abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Muhawarar ta yi amfani, ba mu musa ba. Sai dai da yawa daga cikin manazartan da suka biyo baya sun tsinci kalmar "kasuwa" kawai suka riƙe, suka shagala da ƙidayar kurakuran ƙa'idojin rubutu da munin takarda, suka kasa ganin cewa a cikin tarkacen akwai littattafan da suka yi ƙarfin halin da namu na jami'a ba su yi ba. Masu wa'azi suka ɗora daga inda manazarta suka tsaya. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a Kano, a 2007 kuma hukumar A Daidaita Sahu ta cinna wa tarin littattafan Hausa wuta a bainar jama'a, da sunan kare tarbiyyar 'yan makaranta. Marubucin da ya ga hayaƙin nan ya ɗauki darasi. Darasin kuwa shi ne ɗalibarmu ta maimaita mana bayan shekara da shekaru, ita da take yarinya ƙarama lokacin da aka yi ƙonawar.

Abin takaicin shi ne, tsoron bai tsabtace komai ba. Duk wanda ya leƙa labaran da ke yawo a WhatsApp da Wattpad, waɗanda ake sayarwa babi-babi, ya san batsar da ke cikin wasunsu ta ninka abin da aka ƙona. Wato abin da ake gudu ya tsira, abin da ake bukata shi ne ya mutu. Marubuciya za ta iya shafe babi uku tana kwatanta lefe da turaren wuta da ɗakin amarya, babu mai ce mata kanzil, amma idan tauraruwarta ta ce za ta tafi Inugu bautar ƙasa ita kaɗai, sai masu karatu su taso mata da cewa ta saki layi.

Ba mu raina damuwar iyaye ba. Muna da 'ya'ya, mun kuma san cewa fita tana kashewa. Samarinmu nawa suka bi ta Agadas suka nufi Libiya ba a sake jin ɗuriyarsu ba? A 2017 duniya ta ga hotunan da tashar CNN ta nuna na yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a can kamar awaki. Amma wannan hujja tamu ce, ba ta masu ɗaure ƙafa ba. Yaron da ya hau bayan motar da za ta keta sahara ba littafi ne ya tura shi ba, talauci ne da labarin abokinsa da ya aiko da hoto sanye da sabon takalmi. Abin da littafi zai yi masa shi ne ya nuna masa ƙishirwar da hoton bai nuna ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi haka a Shaihu Umar: uwa ta bar gida ta shiga sahara neman ɗanta, ta faɗa hannun masu bautarwa, ba ta gan shi ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan da haɗuwarsu. Wannan hanyar ce dai 'ya'yanmu suke bi a yau. Labarin da ya san kasada shi ne ke iya rarrabe wa matashi tsakanin fitar da ke da dalili da wadda take ganganci ce zalla. Labarin da bai taɓa leƙa ƙofar gida ba kuwa ba shi da abin da zai gaya masa, sai dai ya ce masa ya jira Alhaji.

Mu da ke koyar da Hausa a nan kurmi, kullum muna ganin taurarin da aka ƙi rubutawa. Ga yaron da ya sauka a Agege ko Idi-Araba da jaka ɗaya, ba Yarabanci ba Turanci, ya karɓi babur bashi, sai gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan unguwanni a 2020, ta ƙara tsanantawa a 2022, ya tsaya yana tunanin ko ya koma gida da kunya ko ya koyi wata sana'ar. Ga yarinyar da aka haifa a Sabo, wadda 'yan Arewa ke kira Bayarabiya, Yarabawa kuma ke kira Bahaushiya, ta ce sai ta karanci lauya. Ga ɗan Ibo ko ɗan Yarbawa da ya zo ajinmu koyon Hausa, danginsa suna yi masa dariya. Kowane ɗaya daga cikinsu ya fi 'yar minista da ɗan sarkin da ke cika shafukanmu cancantar littafi. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa akwai mata masu iya taɓa irin waɗannan jigogi idan aka buɗe musu ƙofa, sai dai gajeren labari ne, ba ya maye gurbin littafin da yaro zai kwana da shi a ƙarƙashin matashi.

Ba muna cewa kowane tauraro sai ya yi nasara ba, ba kuma muna cewa sai ya bijire wa iyayensa ba. Yana iya fita da albarkarsu, yana iya dawowa hannu rabbana. Abin da muka ƙi yarda da shi shi ne a hana shi zaɓi, a bar wa sa'a aikin da ya kamata zuciyarsa ta yi. Haka kuma muna kira ga 'yan'uwanmu masu zaɓen littattafan da ake nazarta a makarantun sakandare da su daina auna littafi da yawan nasihar da ke shafinsa na ƙarshe.

Ita kuwa ɗalibarmu, mun mayar mata da rubutunta, mun ja layi a ƙarƙashin shafi na sittin, mun ce ta yage abin da ya biyo baya, ta sa yarinyar a mota. Ta tambaye mu me zai faru da ita idan ta isa. Muka ce wannan aikinta ne, ba namu ba. Har zuwa lokacin da muke wannan rubutu ba ta dawo da shi ba.