Zauren Uwargida: Sanyin Jos Ba Na Funtuwa Ba Ne

Uwargida, masara ta shiga rumbu, yara sun samu hutun Disamba. In maigida ya ce a leƙa Jos, kar ki ƙi. A Kerang, ƙaramar hukumar Mangu, yara za su ga tsaunukan da suka taɓa aman wuta, yau ana noma a gindinsu. Babu dusar ƙanƙara, amma hunturun can ya fi namu cizo.

Ku bari hazon safe ya washe, ku bi ta Zariya da Saminaka, ku sauka kafin magariba. Ki haɗa rigunan sanyi, safa da man kaɗanya. Komai sanyi, kar ku kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, yana kisa cikin barci.

Wacce ta taɓa zuwa, ta ba mu labari.