Wasiƙa a Buɗe ga Masu Ba da Shawara a Gidajen Likita na Damargu

Zuwa ga ma'aikatan jinya, ungozomomi da wakilan lafiya na ƙauyuka a Gangara ta Tanut, da Belbeji, da kewayensu.

Jinya ta hanyar zance aiki ne mai ƙa'idojinsa, kuma a ƙasar Damargu ya faɗa hannun mutanen da ba don shi aka ɗauke su aiki ba. Likitan ƙwaƙwalwa yana nesa, sai an dangana da Zinder ko Yamai. Na kusa shi ne ma'aikacin da ke awon ciki da safe, ya yi allurar rigakafi da hantsi. Don irin wannan hali ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, sannan a 2016 ta wallafa tsarin PM+, zama biyar, sau ɗaya a mako, wanda mutumin da ba likita ba zai iya gudanarwa idan ya samu horo da mai duba aikinsa. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, binciken da aka fitar a 2016 kuma ya nuna aikin nasu yana rage cutar.

Mafi wuyar darasi a wannan sana'a shi ne riƙe baki. Mai damuwa ba ya zuwa ya ce damuwa ce ta kawo shi. Ciwon kai zai ambata, ko zafin ƙirji, ko faɗuwar gaba, ko ya ce barci ya ƙaurace masa. Wajibi ne a fara da jiki: a duba zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da hawan jini. Idan ba a ga komai ba, sai a ajiye alƙalami a tambaya, “Inna, me ke zuwa miki a rai idan dare ya yi?” Daga nan a yi shiru. Da yawa a nan suke tuntuɓe, don da zarar hawaye ya zubo sai su ce a yi haƙuri. Haƙuri yana da muhallinsa, amma matar nan ta riga ta ji shi daga bakin uwar miji da kishiya da maƙwabta. Idan ta sake jin sa a gidan likita tun ba ta kai ƙarshen maganarta ba, za ta gyara lulluɓi ta yi godiya ta tafi, ba kuma za ta dawo da zancen ba.

William Miller, wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya bayyana dalilin da ke sa nasihar gaggawa ba ta shiga a 1983, lokacin yana aiki da mashaya giya, daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa hanyar a littafinsu na 1991. Mutumin da ke cikin wata ɗabi'a zuciyarsa biyu ce: yana so ya bari, yana kuma so ya ci gaba. Idan mai shawara ya kama ɓangaren bari, shi sai ya kama ɗayan, kuma duk sa'ad da ya ji kansa yana kare ɗabi'ar sai ta ƙara zama masa daram. Aikin mai shawara ke nan ya tsara tambayoyinsa yadda hujjar bari za ta fito daga bakin mai ita.

A ɗauki saurayin da ke shan tramol don ya jure noma ko kabu-kabu. Ba a fara masa da haramci ko da labarin waɗanda suka haukace, ya san su duka. A tambaye shi, “Ƙanena, me ƙwayar nan take yi maka?” Zai ce tana ba shi ƙarfi, yana wuni a gona bai gaji ba. A maimaita masa maganarsa ba tare da ƙari ba, sannan a ce, “To, me take ci maka?” Nan zai kawo kuɗin da ke zurarewa, da faɗuwar da ya taɓa yi yana shure-shure, da kallon da mahaifiyarsa ke yi masa. A zube tsakuwa goma a gabansa, ya ware adadin da ya yi daidai da niyyarsa ta bari. Idan ya ware huɗu, ba a ce masa don me bai kai goma ba. Ana cewa, “Me ya sa huɗu, ba ɗaya ba?” Amsar da zai bayar ita ce ake nema. Wanda ya daɗe yana sha da yawa ba ya yankewa dare ɗaya, don gumi da ciwon gaɓoɓi da gudawa za su mayar da shi. Ragewa ake yi a hankali bisa kulawar likita. A kuma tambayi fadar da yake shan shayi, don sau da yawa can ƙwayar take. Idan ya koma bayan wata biyu, a karɓe shi da fara'ar da aka karɓe shi ran farko, komawa tana cikin tafiyar.

Matar da mijinta ya tafi biɗa Libiya ko Aljeriya, bazara ta kama, rumbu ya yi ƙasa, ga goyo, wata hanya take bukata. A zauna da ita a rarrabe matsalolin: ruwan sama da ranar dawowar miji ba a hannunta suke ba, amma wanda zai riƙe mata yara ta kai ƙaramin awon tamowa ana iya samunsa. A zaɓi guda ɗaya, ita ta kawo dabaru, ita ta zaɓa. Baƙin ciki yana sa mutum ya janye daga jama'a, janyewar kuma ta ƙara masa baƙin ciki, saboda haka ba a jiran sai ta ji daɗi kafin ta motsa. Zuwa rijiya tare da ƙawa ko leƙa gidan suna ya isa aikin mako guda. Sai dai zance ba ya maganin yunwa. Wanda ya ga yunwar 2005 a wannan ƙasa ya san haka, kuma haɗa ta da inda ake ba da abincin yara yana cikin jinyar.

Kunya tana hana mace faɗin wasu abubuwa gaban namiji ko surukai, don haka a ba ta zaɓin ganawa da ungozoma, a kuma guji sa ɗanta ko maƙwabci ya yi tafinta idan Buzanci ko Fillanci take ji. Abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki; a ƙauye sirri ɗaya idan ya fita, ba wanda zai sake buɗe baki. Wanda ya ce yana shan rubutu ko ana yi masa ruƙiyya, kada a yi jayayya da shi. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a ƙauyen Aro kusa da Abekuta cewa asibiti na iya aiki tare da dangi da masu maganin gargajiya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne duka, da ɗauri da mari, da hana shan magani.

Akwai inda zance kaɗai bai isa ba. Duk wanda ya ce ya gaji da duniya, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka masa tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Idan ya amsa, a sanar da wani amintacce cikin dangi, a kawar da maganin ƙwari da igiya daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai. Shi, da mai jegon da ta daina barci tana sambatu, da mai jin muryoyin da ba wanda ke ji, a tura su asibitin gunduma a ranar, tare da ɗan rakiya da takarda a hannu.