Alamomin cuta sun sauya, saƙon gwamnati yana nan inda yake

Kowace Laraba, Kasuwar Shanu ta Potiskum tana tara fatake, dillalai, makiyaya da direbobin tirela daga sassan Yobe, Borno da ƙasashen maƙwabta. Kafin gari ya waye, yawancinsu sun kama hanyar Kano, Abuja ko Legas. Duk cutar numfashin da ta shiga wannan taro, tafiyar kwana guda ta ishe ta ta ratsa ƙasar. Abin damuwar shi ne, alamomin da aka koya wa jama'a su gane ta da su sun tsufa.

Lokacin da aka tabbatar da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, saƙon ya tsaya kan zazzaɓi, busasshen tari da sarƙewar numfashi, daga baya aka ƙara gushewar jin ƙamshi da ɗanɗano. Da nau'in Omicron ya bayyana a Nuwambar 2021, sai lamarin ya canza. Gushewar jin ƙamshi ta ragu, ciwon maƙogwaro, yoyon hanci da atishawa suka yawaita. Dalili biyu ne suka haɗu: nau'in ya fi kama maƙogwaro da hanci fiye da huhu, kuma jikin mutane da yawa ya samu garkuwa ta hanyar rigakafi ko kamuwar baya.

A Potiskum, inda ƙurar hunturu ke sa kowa tari, waɗannan alamomi ba su da maraba da murar yau da kullum. Dillalin da ke atishawa zai sayi magani a kemis ya koma cikin shanu, da yamma ya zauna kusa da mahaifinsa mai ciwon suga. Sauƙin da cutar ta yi wa matashi bai kai ga dattijo ba.

Akwai darasi na biyu daga Amurka. A Maris ɗin 2024 aka gano murar tsuntsaye ta H5N1 a jikin shanun madara a jihar Texas, kuma da dama daga ma'aikatan gonar da suka kamu, jan ido ne babbar alamarsu. Wannan ƙwayar cuta ba baƙuwa ba ce a nan, domin a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a 2006. Ma'aikacin lafiyar da ke jiran tari kaɗai zai sallami mai jan ido da maganin ɗigawa.

Za a ce kuɗi sun yi ƙaranci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona tun Mayun 2023. Gaskiya ne, amma aikin ba ya buƙatar rufe kasuwa ko tsoratar da fatake. Hukumar NCDC da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi za su iya ɗaukar samfuri daga mutane da dabbobi a ranar kasuwa, su aika na dabbobi cibiyar bincike ta Vom. A sabunta jerin alamomin duk shekara kafin hunturu, a watsa shi ta rediyo da Hausa, Fulfulde, Ngizim, Karai-Karai da Bolanci, tare da shugabannin kasuwar.

Jami'an da ke tsara kasafi da rubuta sanarwa a Abuja su ne ke da wuƙa da nama a wannan aiki. Kafin hunturu mai zuwa, ya kamata su buɗe takardar wayar da kan da ke kan teburinsu, su duba shekarar da aka rubuta ta.